Ina so in ajiye aikin banki in shiga dillancin shaguna da sito a Kano, ina neman shawara

Baban Ilham:

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa, wata magana ce ta daɗe tana cin raina. Ban faɗa wa kowa ba sai uwargidana da yayana, su biyun kuma bakinsu bai zo ɗaya ba, shi ya sa na kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sanin harkar.

Shekarata 39, 'ya'yana uku. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a wani banki a nan Kano, a sashen nemo masu ajiya, kuma har yau ɗan kwantiragi ne ni. Wanda ya taɓa wannan aiki ya san abin da ake kira taget: ranar Litinin da sassafe a tara ku, a karanto sunan kowa da abin da ya kawo, wanda bai cika ba a gaban jama'a zai ji nasa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashina ba ya kai ni ashirin ga wata. Ga shi kuma zuciyata ba ta taɓa kwanciya da maganar kuɗin ruwa ba, ko da yake ba ni nake rubuta bashin ba.

Ga abin da ya jawo tunanin. A kakar bara wani mai sayen riɗi a Dawanau da muka saba ya ce min kaya sun yi masa yawa, yana neman babban sito inda tirela za ta shiga ta juya. Ni kuma na san wani Alhaji mai tsohuwar masana'anta a Sharaɗa, ta shekara shida a rufe, in ban da maigadi da tantabaru babu kowa a ciki. Wata Asabar na ɗauki mai riɗin a motata muka je. Ya zagaya, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya buga ƙafa a daɓen, sai ya ce a kira mai wurin. Kafin la'asar sun daidaita a kan naira miliyan 8 a shekara. Bayan kwana uku suka haɗa min dubu 500 suka ce in sha mai. Wallahi na fi minti goma zaune a mota ina kallon alat ɗin, don ya haura albashina na wata biyu.

Tun daga ranar abin bai fita raina ba. Ba dillancin ɗaki da falo nake nufi ba. Wuraren kasuwanci nake so: shaguna, filaza, sito, ofisoshi, filin gidan mai. Na san 'yan kasuwa da yawa a Kwari da Singa da Sabon Gari da Dawanau, shekara da shekaru ina shiga rumfunansu. Ina da ajiyar miliyan 2 da dubu 600, da tsohuwar Corolla, kuma gidan haya nake zaune. Uwargida ta ce in yi bismillah, Allah na nan. Yayana ya ce kada in saki reshe in kama ganye.

To in ajiye aikin gaba ɗaya ne, ko in fara a gefe? Akwai wata rajista ko takarda da dole sai na mallaka? Yaya baƙo yake shiga cikin dillalai ba tare da an mai da shi saniyar ware ba? Kuma wannan ajiya tawa za ta riƙe ni har in tsaya da ƙafata? Don Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya, ko da mai ɗaci ce.

Dattijon Bakin Kasuwa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na sa an karanta min bayaninka sau biyu. Shekara ashirin da bakwai ina wannan sana'a, a gindin wani dattijo na koye ta, Allah Ya jiƙansa, kuma da ita na aurar da 'ya'ya, da ita na sauke farali. Sana'a ce ta halal mai rufin asiri. Amma abin da ya same ka a Sharaɗa tsuntsu daga sama gasasshe ne, kada ka auna shekara da shi.

A ranar kai kaɗai ne a tsakani, kuma duka ɓangarorin sun san ka. Ba haka aka saba ba. Mai wuri zai faɗa wa dillalinsa, wannan ya faɗa wa wani, wancan ya kira wani, kafin magana ta isa kunnen mai nema an zama mutum huɗu ko biyar. Abin da muka tarar ana yi shi ne la'ada kashi 10 cikin ɗari a kan hayar shekara, kashi 5 a kan sayarwa, kuma idan kuɗin suka yi nauyi sai an zauna an rage. To lissafa da kanka: shago na miliyan ɗaya da rabi, la'ada dubu 150, ku biyar. Dubu talatin-talatin ke nan, bayan ka yi mako biyu kana ƙona mai kana sayen kati.

Sayarwa ita ce mai tsoka, ita ce kuma mai cin rai. Bari in ba ka labari ɗaya. Akwai wani gidan sama mai shaguna goma sha huɗu da na bi wata bakwai. Gado ne. Babban ɗan ya nuna min takardu, ya ce duk 'yan uwansa sun amince. Na samo mai saye, aka yi ciniki, aka ba da kafin alƙalami. Ranar da za a biya sauran, muna zaune a ofishin lauya an shimfiɗa takardu, sai ga wata mata ta shigo da mayafi da ɗanta saurayi. Ashe 'yar marigayin ce ta ɗakin farko, tana aure a wata jiha, ba wanda ya tuntuɓe ta. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi ita ba ta sayar ba, kuma in ma za a sayar, tana da haƙƙin shuf'a, ita ta fi cancanta ta saye kason 'yan uwanta. Gaskiyarta ce. Ciniki ya rushe, mai saye ya karɓi kuɗinsa da ƙyar bayan wata uku, ni kuwa ko sisi ban samu ba, kuma har ya bar duniya bai sake kirana ba. Laifina ne, domin ban ce a kawo min takardar rabon gado daga kotu ba, ban kuma je na tambayi mai unguwa 'ya'ya nawa mamacin ya bari ba. Tun daga nan, in aka ce min gado ne, sai na ƙirga magada da yatsuna, na ji bakin kowa, mace da namiji.

Sai maganar ɗori. Za ka ga mai wuri ya ce miliyan 50, dillali ya je ya ce 58, ya danne takwas a ɓoye, sannan ya dawo ya karɓi la'ada. Wannan shi ya ɓata mana suna. In mai wuri da bakinsa ya ce maka sayar a kaza, abin da ya hau naka ne, malamai sun ce babu laifi, Imamu Buhari ma ya kawo irin wannan daga Ibnu Abbas a babin ladan dillali. Amma a ɓoye, ha'inci ne. Kuma Kano duk girmanta ƙarama ce, mai saye da mai sayarwa sai sun haɗu a wani ɗaurin aure.

Shawarata, kada ka ajiye aiki yanzu. Nemi wani babba a harkar ka zauna a gindinsa, da ɗan gari akan ci gari. Kuma kada ka ce za ka rungumi Kano gaba ɗaya. Tun da sito ne ya buɗe maka ƙofa, tsaya a sito. Ka san Sharaɗa da Challawa da Bompai da hanyar Dawanau lungu-lungu: wane ne mai kowane gini, faɗinsa nawa, ina ne ruwa yake kwanciya da damina, ina ne ke da taransifoma tasa.

Maman Yusra:

Ɗan uwa, Baba Alhaji Dattijon Bakin Kasuwa ya gama magana ta fannin mutane, bari ni in taɓa ta takarda, don nan ne aikina. Ƙiyasta darajar gine-gine na karanta, a Kaduna nake, amma aiki yana yawan kawo ni Kano.

Abu na farko da za ka riƙe: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne na wa'adi, shi ne takardar da ake kira C of O, kuma sayar da wuri mai irin wannan takarda ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna. Saboda haka ganin takarda a hannun mutum bai isa ba. Sai an je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, an bincika fayil, mu a nan KADGIS muke zuwa, 'yan Abuja kuma AGIS. Sunan wa ke ciki? An jinginar da wurin a banki? Kuma don me aka ba da filin tun asali? Wannan ta ƙarshen ita ce take kayar da masu harkar wuraren kasuwanci. Gidaje da yawa a bakin titi an fasa su an mai da su shaguna, alhali takardar ta gidan zama ce, ba a nemi izinin canza manufa ba, ba a kuma sami amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, a kan ginin ba. Kai ka kawo ɗan haya ya zuba miliyoyi a gyara, ranar da aka zo aka shafa jan fentin rusau, lambarka zai fara kira.

Kowa ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023, shagunan Filin Idi da gine-ginen da aka yi a harabar tsohon otal ɗin Daula. Ba siyasar abin nake so mu shiga ba. Abin da ya shafi dillali shi ne, da yawa daga waɗanda abin ya shafa da kuɗinsu suka saya, da takardu a hannunsu. Don haka bayan takarda, ka tambayi tarihin ƙasar: da can mene ne a nan? In an ce maka filin makaranta ne, ko na masallaci, ko gefen badala, ko hanyar ruwa, ka gaya wa mai saye ƙarara, ya shiga da saninsa ko ya fasa. Haka rumfunan kasuwannin gwamnati: sau da yawa abin da ake sayarwa izinin zama ne daga hukumar kasuwa, ba mallakar ƙasa ba, kuma sai an je ofishin kasuwar an canza suna.

Maganar rajista kuwa, ka yi wa sunan kasuwancinka rajista a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, sannan ka nemi takardar SCUML, sashen da ke sa ido kan halatta kuɗin haram, domin dillalan gidaje da filaye suna cikin waɗanda dokar hana halatta kuɗin haram ta shafa. Kai ma'aikacin banki ne, ka fi ni sanin cewa dokar 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta banki. Za a kawo maka kuɗi a buhu a ce a gama yau. Kada ka yarda. Sannan ka san iyakarka: haɗa mai wuri da mai nema daban, rubuta rahoton darajar gini daban. Na biyun aikin waɗanda ESVARBON, hukumar masu ƙiyasta darajar gine-gine, ta yi wa rajista ne, tun dokar 1975. In banki ko kotu suna son ƙiyasi, ka kawo mai rajista, ka kuma samu lauya guda da za ku riƙa aiki tare.

Wani ƙaramin abu da ya taɓa haɗa ni faɗa: a 2022 na sama wa wani kamfani ofis, da suka tashi biya sai suka cire kashi 10 na harajin da doka ta ce kamfani ya riƙe daga kuɗin haya ya miƙa wa hukuma. Mai ginin ya ga kuɗi ba su cika ba, ya rantse ni na ci. Sai da na kai masa rasit ɗin harajin har gida. Tun ranar, kafin a sa hannu nake bayyana wannan, da wa zai biya kuɗin shara da maigadi da man janareta, da bashin wutar da tsohon ɗan haya ya bari.

Nan ne ma nake ganin kana da abin da yawancin dillalai ba su da shi. Ka iya karanta yarjejeniya, ka iya rubuta wasiƙa, ka san yadda kamfani yake tunani. Kamfanonin rarraba kaya da ƙungiyoyin agaji da makarantu masu zaman kansu irinka suke nema.

Abu Hanif:

Yaya Baban Ilham, ni na riga ka yin wannan tsalle, don haka ka saurare ni. A 2021 na bar wani kamfanin sadarwa da kuɗin sallamata, na buga katin kasuwanci, na kama ɗan ofis. Wata tara cur ban rufe ciniki ko ɗaya mai kyau ba. Kuɗin hayar ofishin nan har yau yana min ciwo, don babu wanda ya taɓa zuwa nemana a can, duk harkar a waya take da bakin titi. Kada ka kama ofis. Motarka ita ce ofishinka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zagaye. Na kai wani mutum ya ga filaza sau uku da man motata, ya ce zai yi shawara. Bayan wata guda na wuce na ga ana kafa allon shagonsa. Ya koma ta bayan gida ya sami mai ginin, sun gama. Ba ni da ko layi ɗaya a rubuce. Yanzu kafin in nuna wa kowa wuri sai mai wurin ya sa min hannu a 'yar takarda mai shafi ɗaya: ya ba ni izinin nemo ɗan haya, la'ada kaza ce, kuma duk wanda na kawo, ko bayan wata shida suka daidaita, haƙƙina yana nan. Wasu manya za su ce ba ka yarda da su ba ne. Ka lallaɓa, ka ce don mutuwa da mantuwa ne.

Ina girmama maganar Baba Alhaji ta zama a gindin babba, amma ka zaɓa da kyau. Na farkon da na bi, shekara guda ina ɗaukar masa makulli, ba ya bari in ga fuskar mai gini ko ɗaya.

Abin da ya tsayar da ni shi ne kula da gine-gine. Yanzu filaza biyu da sito ɗaya suna hannuna: ni ke karɓar haya, ni ke kiran mai gyara, ni ke raba rigimar mita, ana ba ni kasona duk shekara. Ba yawa, amma ana dafa tuwo da shi, kuma duk shagon da ɗan haya ya tashi ni nake fara sani.

Ka riƙa bin labarai kuma, don hukunci ɗaya yana juya unguwa. Da aka tilasta wa masu sayar da magunguna barin Sabon Gari zuwa Dangwauro da ke hanyar Zariya a farkon 2024, waɗanda suka san hanyar Zariya su suka ci kasuwa. A shekarar ce kuma Shoprite ta rufe a Ado Bayero Mall, ka ga babban ɗan haya ma yana tashi. Miliyan 2.6 ɗinka, da iyali da gidan haya, ni a ganina ba za ta wuce wata bakwai ko takwas ba. Ka biya hayar gidanka da kuɗin makarantar yara na shekara tukuna.

Mai Atamfa:

Malam, ni ɗan kasuwa ne, mu ne masu biyan la'adar. Abu ɗaya zan ce. Ka ce ka san mu ta hanyar banki. To ka san abin da ke cikin asusunmu, ka san wanda bashi ya danne. Ranar da na ji ka je wa wani da maganar cewa wane yana cikin matsi, zai sayar da shagonsa da araha, daga ranar mun rabu, kuma duk layinmu sai ya ji. Abin da ka gani a banki ka bar shi a banki. In ka riƙe wannan, mu da kanmu za mu riƙa kiranka, don mun gaji da masu ce mana wuri ba ya ɗaukar ruwa alhali mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa kaya a Kwari.

Baban Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya da daddare na karanta wa uwargida duka, mun daɗe ba mu yi barci ba.

Alhaji Mai Atamfa, maganarka ta shige ni, don ban taɓa kallon abin ta nan ba. Na yi maka alkawari, na kuma yi wa kaina. Hajiya Maman Yusra, sai da na karanta naki na tuna cewa ko fayil ɗin masana'antar Sharaɗan nan ban bincika ba, ban kuma tambayi bashin wuta ba. Allah ne kawai Ya rufa asiri. Gobe zan kira mai riɗin in ji ko akwai wata matsala.

Ga inda na tsaya. Ba zan ajiye aiki ba sai na biya hayar gida da ta makaranta kamar yadda Abu Hanif ya ce. Kuma tun da ƙa'idar wurin aikina ba ta yarda da haɗa wata sana'a ba, daga yanzu zuwa lokacin koyo kawai zan yi, ba zan karɓi la'adar kowa ba. Asabar da Lahadi zan riƙa zagaya Sharaɗa da Challawa ina rubuta abin da na gani. In Allah Ya kai mu kaka mai zuwa, lokacin da 'yan riɗi da zoɓo suke neman wurin ajiya, sai in miƙa takardar ajiye aiki.

Baba Alhaji, in ba za ka damu ba, ina roƙon ka ba ni dama in zo in gaishe ka, in riƙa binka ko da riƙe makulli ne.

Dattijon Bakin Kasuwa:

Babu damuwa ɗana, yarona zai tura maka kwatance ta akwatin saƙo. Ka zo ranar Asabar da ƙarfe takwas, akwai wani sito a Bompai da mai shi ya ce murabba'in mita dubu biyu ne, ni kuma idona bai ba ni haka ba. Ka taho da tef ɗin awo mai tsawo da littafi da tocila, ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa, don bayan ginin akwai kwata kuma sai mun leƙa ta.